Zan je taro Fas, wa ya taɓa zuwa?

Malamin_Tarihi:
Salam jama'a. An karɓi takardata a wani taron ƙara wa juna sani a Fas ta Maroko, watan Janairu, kwana uku ne a jami'ar Sidi Muhammad bin Abdullah. Ban taɓa fita waje ba wallahi. Daga Kasablanka yaya ake zuwa, kuma in kama masauki a tsohon gari ko kusa da jami'a? Ina so in leƙa masallacin Ƙarawiyyin ko da na awa ɗaya ne.

Maman_Hanif:
Wa alaikumus salam Malam. Jirgin ƙasa za ka hau, tashar tana cikin filin jirgin, ka canza a Casa Voyageurs, daga nan kusan awa huɗu. Amma don Allah ka ɗau rigar sanyi mai kauri, ni na raina abin na tafi da wata 'yar suwaita irin ta hunturun Kano, daren farko da safa biyu na kwana ina karkarwa, gidajen tsohon garin tayil ne ko'ina, sanyi kamar cikin randa.

Abu_Zinder:
Kar ka kwana tsohon gari in da safe kake gabatarwa. Mota ba ta shiga, lunguna ne kamar na Kurmi amma sun ninka, taswirar waya ma rikicewa take, kana tafe sai ka ji "balak balak" ka matsa jaki ya wuce da kaya. Ka sauka sabon gari, jar tasi ta kai ka Bab Bujlud, ƙofar tsohon gari, ka taka. Ka ce ya kunna mita.

Malamin_Tarihi:
To Ƙarawiyyin fa, ana barin baƙo ya shiga?

Abu_Zinder:
Musulmi na shiga masallacin, ka daidaita da lokacin azahar kawai. Mace ce ma ta gina shi, Fatima al-Fihri, a 859. Zawiyar Shehu Ahmad Tijjani ba nisa, nan kabarinsa yake, da wuya ka je ba ka ji ana Hausa ko Wolof a bakin ƙofa ba.

Maman_Hanif:
Ka je majemar Shuwara ma, za su miƙo maka ganyen na'a-na'a ka toshe hanci, karɓa, warin ba wasa. Kuma kar ka bar tsaraba sai Juma'a, yawancin shaguna a rufe na tarar.