Wai Rolls-Royce mota kaɗai suke ƙerawa?

Ɗan Kurmi:
Salam jama'a, jiya na shiga jirgi ina leƙe ta taga sai na hango tambarin RR a jikin injin, na ce ikon Allah, masu motar attajiran nan ne ko suna ne ya zo ɗaya?

Injiniya:
Tushensu ɗaya malam. Charles Rolls da Henry Royce suka haɗu a Manchester 1904, kamfanin ya tsaya da ƙafarsa 1906. To a 1971 ƙera wani injin jirgin sama mai suna RB211 ya cinye musu kuɗi har suka durƙushe, gwamnatin Ingila ta karɓe, aka ware ɓangaren mota a 1973. Yanzu motar, kamfanin BMW na Jamus ke yinta a Goodwood, su kuma masu injin jirgin suna Derby, duk a Ingila.

Maman Hanifa:
Kai, ashe motar ma ta Jamusawa ce yanzu, ni dai ban so haka ba.

Injiniya:
Haka ne hajiya, kuma abin mamaki masu injin jirgin ba a sayar da injin suke cin riba sosai ba, a gyara ne, kamfanin jirgi yana biyansu gwargwadon awannin da injin ya yi a sama su kuma su riƙa kula da shi.

Ɗan Kurmi:
Lallai, kamar mai janareton haya kenan 😂