Shawarwarin masu jiran The Conduit a kan Wii

Kafin kamfanin Sega ya saki The Conduit, wasan bidiyo na harbi na kamfanin High Voltage Software, a watan Yunin 2009, masu Wii, na'urar wasan bidiyo ta Nintendo, sun yi ta musayar ra'ayi, kuma abin da aka fi nanatawa shi ne kada a yi saurin ɗora buri. Wasan Red Steel na 2006 ya zo da irin wannan ɗokin, amma saita bindiga a cikinsa ya wahalar da mutane. Wanda yake son sabawa, aka ce ya fara da Metroid Prime 3 na 2007, inda nuni da Wii Remote, wato rimot ɗin da ake nuna allo da shi, ya zauna daram.

Shawarar da ta fi burge ni ita ce ta yadda za a zauna. A jingina gwiwar hannu a cinya, wuyan hannu kaɗai ke motsi, in ba haka ba kafaɗa za ta gaji tun wasa bai yi nisa ba. A kuma nisanta sandar firikwensin, wadda ake ajiyewa kusa da talabijin don rimot ya gane inda ake nunawa, daga hasken rana, domin yana rikita nuni.

The Conduit ya ba da damar rage faɗin filin da nuni ke yawo kafin kyamara, wato mahangar ɗan wasa, ta juya. Masu gogewa suka ce a rage shi a hankali, kafin a shiga fafatawar intanet ta mutum 12.