Neman shawara: wace lamba ce ainihin ƙarfin motar lantarki?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Ni ɗalibin aikin injiniyan motoci ne, kuma ina rubuta aikin kammala karatu a kan auna ƙarfin motocin lantarki da masu haɗa fetur da batir. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne takardun Toyota Prius ta 2016, domin an rubuta cewa injinta na fetur yana ba da kilowat 72, injinta na lantarki kuma 53, amma ƙarfin motar gaba ɗaya 90 ne, alhali jimlar biyun 125 ce. Wanne zan ɗauka, kuma akwai ƙa'idar da ake bi idan an ɗora irin wannan mota a kan dainamomita, wato na'urar auna ƙarfin mota?

Amsar wani injiniya:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ɗauki 90, domin injin fetur da na lantarki ba sa kai ƙololuwar ƙarfinsu a gudu ɗaya, sannan batir yana da iyakar wutar da zai iya saki a lokaci guda, don haka tara lambobin biyu ba ya nuna abin da ke kaiwa ga tayoyi. Tsohuwar ƙa'idar SAE J1349, ta ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE, an yi ta ne domin injin da aka cire aka ɗora a kan bencin gwaji. Saboda wannan giɓin aka fitar da SAE J2908 a Amurka a 2017, sai ISO 20762 ta hukumar daidaita ƙa'idoji ta duniya a 2018, sannan a 2020 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai daidaita dokokin motoci a Janiba ya amince da GTR 21, wato ƙa'idar fasaha ta duniya mai lamba 21.

A ganina GTR 21 ya fi dacewa da aikinka. Ana riƙe dainamomita a kan gudu tsayayye, a take totur har ƙasa na daƙiƙa 10, a fitar da lambobi biyu: ƙarfi mafi girma na tsawon daƙiƙa 2, da ƙarfi mai ɗorewa wanda ake ɗauka tsakanin daƙiƙa ta 8 da ta 10. Hanyar auna shi ma biyu ce, ko dai a fara daga wutar da ke fita daga batir da abin da injin ke bayarwa, ko a fara daga tayoyi a koma baya ana lissafa asarar da aka yi a giya.

Amsar wata malama:
Ina ƙarawa a kan bayanin Injiniya cewa ka kula da ƙa'ida mai lamba 85 da ake bi a Turai, wadda ke auna ƙarfin da injin lantarki na mota zai iya riƙewa na minti 30. Wannan lamba takan yi ƙasa sosai da wadda ake tallatawa, kuma ita ce ke fitowa a takardun rajistar mota a Jamus. Kada ka haɗa lambobin biyu a jadawali ɗaya ba tare da bayani ba.

Amsar wani mai garejin gwaji:
Malam, idan za ka yi gwajin da kanka, ka rubuta yawan cajin batir da zafinsa kafin kowane zagaye, domin da zarar batirin ya yi zafi ko cajinsa ya ragu, kwamfutar motar za ta rage ƙarfin da kanta. Ka kuma ɗaure motar sosai, saboda taya takan zame a kan ƙarfen dainamomita mai juyawa tun a takun farko.