Likitan lantarkin zuciya: shekara nawa ne horon, kuma me aikin ya ƙunsa?

Ɗalibar_Likita:
Assalamu alaikum malamaina. Ina ajin ƙarshe a karatun likitanci, kuma hankalina ya karkata ga fannin masu gyara bugun zuciya idan ya rikice. Yaya tsawon horon yake, me ake yi da hannu, kuma a ina aka fi samun matsala?

Dakta_Bala:
Wa alaikumus salam 'yar uwa. Sai an zama cikakken likitan zuciya tukuna ake shiga wannan reshe. A Amurka, bayan kammala makarantar likitanci, ana yin shekara 3 a fannin cututtukan ciki, 3 a fannin zuciya, sannan 2 a kan lantarkin zuciya kaɗai.

Amma tun yanzu ki riƙe karatun ECG, wato zanen lantarkin zuciya, da kyau, domin shi ne tushen komai. Wutar lantarkin da ke haifar da bugu tana tasowa ne daga wani ɗan kulli a ɗakin sama na dama na zuciya, sau 60 zuwa 100 a minti, ta ɗan dakata a kulli na biyu da ke tsakanin sama da ƙasa, sannan ta bazu a ɗakunan ƙasa. Duk rikicewar bugu, ko dai tushen ya samu matsala, ko hanyar ta toshe, ko kuma wutar ta sami zagayen da take ta kewayawa. Ga inda rashin sani ke kashe mutum: mai ciwon da ake kira WPW yana da ƙarin hanyar wuta tsakanin ɗakunan sama da na ƙasa tun haihuwa. Idan ɗakunan samansa suka kama karkarwa aka ba shi verapamil ko digoxin, magungunan rage saurin bugu, an danne hanyar asali, wutar duk ta koma ƙarin hanyar, ɗakunan ƙasa su ma su rikice, zuciya ta daina tura jini.

Dakta_Rabi:
Bari in yi magana kan aikin ƙona hanyar wuta, tun da shi ke cin mafi yawan lokacin ɗakin aiki. Cutar da aka fi gani ita ce karkarwar ɗakunan sama, wadda ke ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau 5, saboda jini yana kwanciya ya yi guda a wata 'yar jaka ta ɗakin hagu. A 1998 Michel Haïssaguerre da abokan aikinsa a Bordeaux ta Faransa suka nuna cewa tartsatsin da ke tayar da ita galibi daga bakin jijiyoyin huhu yake fitowa. Shi ya sa ake killace bakin jijiyoyin nan 4.

Ana zura siraran wayoyi ta jijiyar cinya har ɗakin dama, a huda bangon da ya raba ɗakunan sama a wurin da ya fi rashin kauri, a shiga na hagu. Daga nan dole a ba da heparin, maganin hana jini daskarewa, a riƙa auna lokacin daskarewar jini ya wuce daƙiƙa 300. Sai a zana taswirar ɗakin a kwamfuta, a kewaye bakin jijiyoyin da zafi, ko da sanyin balan-balan, ko da sabuwar hanyar bugun lantarki mai ƙarfi da Amurka ta fara amincewa da ita a ƙarshen 2023.

Matsaloli uku nake so ki haddace. Idan hawan jini ya faɗi kwatsam ana tsaka da aiki, ki ɗauka an huda bango, jini ya taru a jakar da ta lulluɓe zuciya, a zuƙe shi nan take. Sanyi kuwa yana iya taɓa jijiyar da ke motsa tantanin numfashi a ɓangaren dama. Na ukun ya fi ban tsoro ko da yake ba kasafai ake ganinsa ba: hanyar abinci tana jingine da bayan ɗakin hagu, zafi kan iya cin ta, sai bayan mako 2 zuwa 4 majiyyaci ya dawo da zazzaɓi da ciwon ƙirji. Irin wannan majiyyaci, hoton cikin jiki na CT ake masa da gaggawa, kada a zura masa kyamara ta maƙogwaro, iskar da ake hurawa za ta shiga zuciya.

Ɗalibar_Likita:
Allah ya saka da alheri. Dasa na'ura fa, shi ma aikinsu ne?

Malam_Injiniya:
Nasu ne, Dakta. Na'urar daidaita bugu, wadda aka fara dasawa a Sitokholm a 1958, ta masu bugu mai jinkiri ce. Mai ba da shok ɗin ceto kuma, wato jan lantarki da ke maido da bugu idan ya rikice, wadda aka fara dasawa a asibitin Johns Hopkins a 1980, ana sa ta ga wanda ƙarfin turawar zuciyarsa ya tsaya a kashi 35 cikin ɗari ko ƙasa duk da magani. A kwanakin farko ana tsoron hujin huhu da zamewar waya. Idan ƙwayoyin cuta suka kama aljihun da aka sa na'urar a ƙarƙashin fata, maganin kashe su kaɗai ba ya isa, sai an cire na'urar da wayoyinta duka.

Ki kuma lissafa da jikinki: tsayuwar awanni cikin rigar dalma mai nauyi saboda hasken eksire tana taɓa baya da wuya. Ki nemi izinin tsayawa a ɗakin aikin na mako guda kafin ki yanke shawara.