Neman kalmar Hausa: me za mu kira tablo, kontar da vwayan?

Malamin tuƙi:
Assalamu alaikum. Ina koyar da tuƙi a nan Maraɗi, kuma ina haɗa wata ƴar takarda da Hausa wadda ɗalibi zai riƙa tafiya da ita gida, don da yawa daga masu zuwa neman permi, wato lasisin tuƙi, ba su yi nisa a lakwal ba, littafin kod na dokokin hanya kuwa da Faransanci yake. Birki, totur, sigina, oda, birkin hannu, duk waɗannan ba su ba ni wahala ba. Ko volan ka ce ko sitiyari, kowa ya san abin da zai kama. Inda alƙalamina ya cije shi ne abin da ke bayan sitiyarin. Mu nan tablo muke cewa, ƴan'uwanmu na Katsina su ce dashbod. Masu allura mu ce kontar, masu kawo wuta mu ce vwayan. Ina neman sunayen da in na faɗa wa wanda bai taɓa shiga aji ba zai gane abin da ake nufi. Duk wanda ya san yadda ake faɗa a gareji ko a tasha, ya taimaka.

Direban Maraɗi zuwa Damagaram:
Wa'alaikumus salam Malam. Ni ban ga abin wahala a nan ba. Tablo ai allo ne, haka yara ke kiran na aji. Rubuta allon mota, shi ke nan.

Malamar Hausa:
Da saura, Alhaji. Abu biyu ne muka haɗe a suna ɗaya. Dashbod na Ingilishi asalinsa katako ne da ake kafawa a gaban keken doki don ya tare taɓon da kofato ke watsowa, da mota ta zo sai sunan ya biyo ta. Saboda haka yana nufin dukan wurin nan daga ƙofa zuwa ƙofa, inda kuke aje hula da carbi da takardun mota. Abin da Malam ke tambaya kuwa ɗan gurbin nan ne mai gilashi da direba ke leƙawa ta cikin sitiyari. Da na so in ce gaban mota ga babban, amma gaban mota ya riga ya zama kujerar da ake rigima a kanta a tasha. A bar wa babban sunansa na tablo, tunda ba ya kashe kowa. Ƙaramin a ce masa allon direba, domin shi kaɗai aka rubuta wa, kuma karantawa ake so ya yi.

Malamin tuƙi:
Allon direba ya zauna, Malama, na gode. To masu allurar fa? Na fara rubuta ma'auni: ma'aunin gudu, ma'aunin zafi.

Direban Maraɗi zuwa Damagaram:
Ma'auni a rediyo kawai nake jin sa. Ka je tasha ka ce wa yaron mota ya duba ma'auni, tiya zai nemo maka. Agogo muke cewa: agogon mai, agogon zafi. Na gudu kuma yana da sunansa tun zamanin iyayenmu, maleji. Ba ka jin ana cewa wane ya ƙure maleji? Kalmar da ta shiga habaici ai ta gama zama Hausa, ba sai an nemo mata magaji ba.

Malamar Hausa:
Na bi Alhaji a kan agogo. Gyara ɗaya: maleji na ɗauke da kaya biyu, allurar da ke nuna gudu da lambobin da ke ƙirga tafiyar da mota ta yi tun fitowarta daga kamfani. Mai saye in ya ce nawa ne malejinta, na biyun yake nufi. A takarda sai a raba: agogon gudu ga mai allura, maleji ga lambobin. Ɗayan agogon kuma, mai ɗauke da lamba 1 zuwa 7 ko 8, wanda aka rubuta x1000 a jikinsa, agogon juyin inji ne, yana nuna sau dubu nawa inji ke juyawa a minti ɗaya. Mota na tsaye inji ya ɗau zafi, allurarsa kan kwanta ƙasa da 1 kaɗan. Jan layin da ke ƙarshensa iyaka ce.

Makaniki:
Ku yi haƙuri in shigo da ƙazamin hannuna. Duk abin da kuka faɗa mai sauƙi ne, wanda ya kira agogo ma'auni ba zai yi asarar ko dala ba. Kalmar da ke cinye inji a garin nan ita ce mai. Esansi mai ne, gazuwal mai ne, na inji mai ne, na birki mai ne, na giya ma mai ne. Faransanci ya raba su, Ingilishi ya raba su, mu muka zuba su a kwano ɗaya.

An taɓa kirana daga hanyar Tasawa. Yaro ne aka ba mota ya kai kaya, ya buga wa maigidansa waya ya ce fitilar mai ta kama. Maigida ya ce ai jiya na cika tanki, wuce kawai, in ka isa ka ƙara. Yaro ya wuce. Bai yi nisa ba inji ya fara ƙwanƙwasa, sannan ya ɗauke. Da na je na zaro sandar awo, a bushe take ƙarƙaf, ko ɗigo babu, ƙasan motar kuwa baƙi ƙirin, dutse ya fasa kaskon mai. Na sa sifana a kan inji in juya shi da hannu, ko motsi. Na ce wa yaron nuna mini wadda ta kama, ya ɗora yatsa a kan jar nan mai kamar buta da ɗigo a bakinta. Shi bai yi ƙarya ba, maigidan ma bai yi wauta ba, kowa da man da ya ji.

Don haka Malam, don Allah kada kalmar nan fitilar mai ta fito a takardarka ko sau ɗaya. Mai hoton famfon gidan mai, ruwan ɗorawa, ka ce fitilar tanki. Wannan ta kama kana da sauran ƴar tafiya, ka nemi gidan mai ko ɗan ruwa-ruwa. Jar kuma ka kira ta da abin da ido ke gani, fitilar buta. Kuma ka rubuta a ƙasa cewa ba yawan baƙin mai take aunawa ba, ƙarfin turinsa take ji. Mai na iya kasancewa cike amma famfonsa ya mutu, ta kama. In ta kama inji na aiki, a sauka gefe a kashe nan take, ba a cewa bari in kai inuwar can.

Malamin tuƙi:
Maigida, wannan ta fi duk abin da na zo nema. Fitilar buta ta shiga. Amma ka ga ka buɗe wata ƙofa: in da hoto za mu riƙa sa suna, mai hoton batir fitilar batir ke nan?

Makaniki:
A'a, nan hoton ne ke ɓad da mutane. Ta kama sai su ruga su sayi sabon batir, kwana biyu ya sake mutuwa. Ba lafiyar batir take faɗa ba, cewa take wuta ba ta shiga masa, ko altaneta ya daina ba da caji ko fambel ya tsinke. Fitilar caji za ka rubuta. Kuma a motoci da yawa bel ɗin nan shi ke juya famfon ruwa, don haka in ta kama, idonka ya sauka kan agogon zafi. Harafin C sanyi, H zafi, wurin zaman allura tsakiya, wajen digiri 90 ke nan. Watan Afrilu da Mayu nan garin muna haura 40 a inuwa, ga yashi na toshe lagireto, allura ba ta jimawa take hayewa. Ta taɓa ja a tsaya, kuma kada a buɗe murfin lagireto sai ya huce, mun ga fuskoki da yawa da ruwan nan ya saluɓe. Sabbin motoci wasu ma babu agogon, sai fitila mai hoton tsinken awon zafi cikin ruwa: shuɗiya ko koriya inji bai ɗumama ba, ja ya wuce kima.

Hajiya mai shago:
Ni tambayata ta jahilci ce. Ba zan iya haddace hotuna talatin ba, ga lissafin shago. Babu wata hanya gajera?

Malamin tuƙi:
Akwai, Hajiya, launi. Ba kowane kamfani ke zana abin da ya ga dama ba, hukumar tsara ƙa'idojin kayayyaki ta duniya, ISO, ta daidaita alamomin a ƙa'idarta mai lamba 2575, shi ya sa butar Toyota da ta Peugeot kusan ɗaya ce. Ja haɗari, ruwan ɗorawa a duba ba da jimawa ba, kore ko shuɗi labari ne kawai, cewa wani abu na kunne, kamar sigina ko doguwar fitila. Shi ya sa nake ganin fitilar gargaɗi da na fara rubutawa a madadin vwayan ba ta isa ba, don koriyar kibiyar sigina ba gargaɗin kowa take ba. Ina tunanin in ce fitilun allo ga dukansu, sannan in kasa su: fitilar tsaya, fitilar duba, fitilar sanarwa.

Malamar Hausa:
Tsaya da duba sun yi, suna ba da umarni. Sai dai ka yi hattara, ba kowace ja ce ke nufin tsaya ba. Ta ɗamarar kujera ja ce, ta ƙofa a buɗe ma haka take a motoci da yawa.

Makaniki:
Gaskiyar Malama. Mai da'ira da alamar motsin rai a ciki ma fuska biyu gare ta: ko birkin hannu ne ba a sauke ba, ko man birki ya yi ƙasa. An sauke birkin hannu ba ta mutu ba, to ta zama ta tsaya. Mai ABS kuma ruwan ɗorawa ce, birki na nan yana kamawa, abin da ke hana taya ƙullewa ne ya daina aiki.

Ɗan Katsina mai harkar motoci:
Sannunku da aiki. Ina da magana kan agogon gudu. Motocin da ke shigowa ta Kwatano ba daga ƙasa ɗaya suke ba. Wadda ta fito daga Amurka manyan lambobinta mil ne, kilomita na nan ƙanana a ciki. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne da ɗan ɗoriya. Mutum ya ga allon hanya an rubuta 50, ya ɗora allura kan 50, alhali 80 yake yi. Ku kun fi mu sanin irin wannan, tunda a kasuwarku in an ce ashirin, dala ake nufi, kowace dala kuwa sefa biyar ce, baƙo ya miƙa abin da ya ji a yi masa dariya. A sa a takarda: MPH agogon mil, km/h agogon kilomita. Malejin ma haka, 100,000 a motar Amurka ya haura kilomita 160,000.

Direban Maraɗi zuwa Damagaram:
In dai ba ku mayar da shi baya ba kafin ta iso.

Ɗan Katsina mai harkar motoci:
Alhaji, ba da ni ba! Amma tunda ka taɓo, ga abin da mai saye zai yi. Ka murɗa makulli ba tare da ka tada inji ba, fitilun gargaɗi su kama, wannan gwajin kansu suke yi. Ka tada, su mutu. Wadda ba ta kama ba tun farko, ko ƙwanta ya ƙone, ko an cire shi, ko an liƙe ta da baƙin salatif. Wadda aka fi yi wa haka ita ce cek inji.

Malamin tuƙi:
Ita ce ta gaba a jerina. Fitilar inji zan ce, ko da mai gyara?

Makaniki:
Fitilar inji ta isa, hoton inji ne a jikinta ko da yake ɗalibanka za su ce jirgi mai saukar ungulu ne. Ita ba ta faɗin cuta, cewa take kwamfutar mota ta rubuta wani abu. Daga 1996 duk motar da aka sayar a Amurka sai da soket ɗin OBD mai baki 16, galibi a ƙasan sitiyari, Turai ta bi baya a kan masu esansi a 2001. A nan muke jona na'ura ta fito da lamba. Wani lokaci murfin tanki ne kawai bai ɗauru ba, wani lokaci gurɓataccen mai, wani lokaci buji. In ta kama ta tsaya cak, ka lallaɓa zuwa gareji. In tana ƙiftawa, wani silinda ba ya ƙona mai, ɗanyen esansi na gangarawa salansa yana dafa katalis, abin nan da ke tace hayaƙi, a ɗaga ƙafa daga totur.

Ɗan Katsina mai harkar motoci:
Katalis ɗin nan mu indomi muke ce masa, kuma ya fi inji tsada a wajen ɓarayi.

Hajiya mai shago:
Tawa akwai wata ruwan ɗorawa mai kama da tukunya da alamar motsin rai a ciki, tun da na saye ta take kunne.

Makaniki:
Ba tukunya ba ce Hajiya, taya ce aka yanka aka nuna cikinta. Fitilar iskar taya. Amurka ta wajabta ta tun 2007, Turai 2014. Ko iska ta ragu, ko ɗan batirin na'urar da ke cikin taya ya mutu, ko mai faci ya karya ta garin cire taya. Ki fara da auna iska da safe kafin taya ta yi zafi. Adadin da ake so yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba, ba wanda ke jikin taya ba. Af, Malam, ka ƙara musu ƴar kibiyar da ke gefen hoton famfo a agogon mai, tana nuna ɓangaren da bakin tanki yake.

Malamar Hausa:
Saura abu ɗaya, Malam. Rabin bayanin nan a kan launi ya tsaya, takardarka kuwa na san hoto za a riƙa ɗaukarta baƙi da fari. Ja da ruwan ɗorawa za su fito iri ɗaya.

Malamin tuƙi:
Zan rubuta launin da kalma a ƙarƙashin kowane hoto, kuma ranar farko kowa ya zo da jan biro ya zagaye buta, caji, zafi da birki da hannunsa. Maigida, in na kawo takardar gareji gobe da la'asar, za ka duba mini zanen butar? Nawa ya fi kama da agwagwa.