Contra ta NES: wacce ce ta asali, kuma me ya sa kaset ɗin ke tsada?

Sadiq_8bit:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masana tsofaffin gem ku fahimtar da ni, ina so in fara tara kaset na asali kuma da Contra nake son farawa, to sai na ga iri uku, akwai ta NES akwai ta Famicom sannan ga wata wai Probotector da aka ce ita ma Contra ce alhali mutum-mutumi ne a jikin kwalin. Wacce ce ta asali? Kuma me ya sa mutane ke zuba kuɗi haka tunda ana iya bugawa a waya?

BabaRetro:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Duka ukun na kamfanin Konami ne. Asalin wasan a 1987 ya fito a injin da ake jefa wa kwabo, sai 1988 aka kawo shi gida a injin gem na Nintendo, wanda ake kira Famicom a Japan NES kuma a Amurka. Probotector ta Turai ce, ta 1990, sabida dokar Jamus mai tsauri kan wasan da ake harbin mutane sai suka cire jaruman wasan Bill da Lance suka sa mutum-mutumi, amma filayen duk ɗaya ne.

Ni dai in ka tambaye ni ta Japan ta fi, nesa ba kusa ba. Konami sun saka mata cif nasu mai suna VRC2, shi ya sa a dajin farko za ka ga bishiyoyi na kaɗawa, a filin ƙanƙara kuma dusar na zuba, ga taswira tsakanin mataki da mataki har da hotunan labari, duk wannan babu a ta Amurka don Nintendo ne ke haɗa kaset ɗin NES da kansu, ba damar saka wannan cif ɗin. Sai dai ka sani bakin kaset ɗin Famicom fil 60 ne na NES 72, ba za ta shiga ba sai da adafta.

Ummi_Pixel:
Maganar waya kuwa wlh ba ɗaya bane. Wasan nan na mutum biyu ne, ku zauna kafaɗa da kafaɗa, bindigar S mai watsa harsashi ta faɗo kowa na rububinta, a filin hawa ruwan nan kuma in ka yi saurin tsalle sama ka bar abokinka a ƙasa shikenan ya mutu. Harsashi ɗaya ke kashe ka, rai uku kacal, shi ya sa kowa ya haddace danna maɓallan sama sama ƙasa ƙasa hagu dama hagu dama B A ya samu rai 30. Kazuhisa Hashimoto ne ya ƙirƙiro wannan dabarar tun a wasan Gradius 1986 amma Contra ce ta sa duniya ta san ta.

BabaRetro:
Haka ne 'yar uwa. Batun tsada kuma Sadiq, kaset tsirara ba shi ne mai tsadar ba don an buga shi da yawa, kwali da ɗan littafin ciki su ne wahalar samu tunda yara yagawa suke su yar. Wanda ba a taɓa ɓare ledarsa ba kuwa wani zance ne daban, a 2021 an sayar da Super Mario Bros irin haka dala miliyan 2, ni kam abin bai min daɗi ba don ya ja farashin komai sama. Ka fara da kaset tsirara mai lafiyayyar takarda, kuma ka ce a buɗe maka ka ga bod ɗin ciki, na NES na gaske akwai sunan Nintendo a jiki, jabu sun yi yawa.

Sadiq_8bit:
Na gode sosai Allah ya saka da alheri. Ta Japan zan nema kenan, adaftar fa wacce iri kuke amfani da ita?