Murfin laftof ɗita ya yi danƙo, in bi shi da sanfefa?

ɗan_Garwa:
Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Na sayi laftof ta hannu nan Garwa, aiki kam lafiya lau take yi amma murfin bayan ya yi danƙo yana kama hannu yana kwasar ƙura, ga kuma duk ya kakkarce. Wani kafinta maƙwabcina yace in goge da sanfefa in fesa fenti, to ni tsoro nake kar in kashe ta dan da ita nake karatu.

mai_gyara_Marwa:
Wa alaikumus salam. Ƙanina kar ka fara da sanfefa tukuna, danƙon nan ba datti bane, wani shafi ne siriri mai laushi kamar roba da ake yiwa murfin tun daga kamfani, in ya tsufa ga zafi irin namu na watan 3 da 4 sai ya saki. Je famasi ka sayi alkol mai ƙarfin kashi 90, kashe laftof ɗin, jiƙa tsumma kana murzawa a hankali zaka ga yana fita baƙi ƙirin. Amma fa banda tina ko fetur ko ruwan goge farce, cinye robar suke yi.

injiniya_Kusuri:
Gaskiya ya faɗa. In karcen ne ya dame ka dole sai an goge to cire batir, a kwance murfin daban, ka lura da siraran wayoyin wifi da suka bi ta wajen sikirin. Fara da sanfefa mai lamba 600, sai 1000, ka ƙare da 2000 (in lamba ta ƙaru laushi ya ƙaru), kana tsoma ta a ruwa dan ƙurar kar ta tashi. Wadda kafintoci ke goge katako da ita irin 80 ko 120 rami zata yi maka wlh. In kuma murfin alminiyam ne irin na MacBook ni dai ka barshi, launin a fatar sama kawai yake, kana gogewa ya tafi ya bar dabbare-dabbare, kuma garin ƙarfen in ya shiga ciki yana iya haɗa wuta ya ƙona bod, wato babban allon lantarkin dake cikin laftof.

Maman_Hanifa_Injamena:
Ni tawa sitika na sa aka manna mata wajen masu yiwa babura ado, karcen duk ya ɓuya, in ta tsufa in ɓare. Kawai kace kar su rufe ramukan da fanka ke fitar da iska.

ɗan_Garwa:
Na gode sosai Allah ya saka. Yaya injiniya ya zan gane roba ne ko ƙarfe?

injiniya_Kusuri:
Taɓa shi da safe kafin ka kunna, ƙarfe sanyi zaka ji sosai, roba kuwa ba haka ba. Ko ka duba lambar samfurin dake ƙasanta ka sa a intanet.